Ɗaya a Ƙofar Kudu, Ɗaya a Bayan Tanki

Mako uku ke nan da Rilwanu ya shiga jami'a, bai taɓa ganin fuskar Sharhabil Idris ba, amma muryarsa ko daga barci aka tashe shi zai gane ta.

Ƙungiyar ɗaliban sashensu ce ta fito da tsarin, wai duk sabon ɗalibi a haɗa shi da wani ɗan aji uku ko huɗu ya zame masa jagora, ya nuna masa hanya kafin makaranta ta juya masa kai. Rilwanu ya faɗo hannun Sharhabil, shi da wasu goma sha ɗaya. Lambar waya kawai aka ba shi a 'yar takarda. Shi kuwa Sharhabil irin mutanen nan ne da ba sa zama wuri ɗaya, yana cikin kwamitin masallaci, yana cikin 'yan ƙwallo, ga karatu, ga aiken Babansa, wani babban ma'aikacin gwamnati a Malali. Saboda haka jagorancin nasa duk a waya yake yin sa. Kullum da safe sai saƙon murya ya shigo, murya mai kauri, a shaƙe kaɗan kamar ta mai mura.

“Ƙanena, ka tashi lafiya? Yau kada ka bi layin rajista na gaba, ka gane ko? Ka zagaya ta baya, akwai wata taga da ba kowa ya sani ba. Kuma malamin ƙarfe takwas ɗin nan yana rufe ƙofa, in ka makara ko kuka za ka yi ba zai buɗe ba, ka gane ko?”

Rilwanu yakan saurara a cikin bas daga Kawo, ya maimaita sau biyu, yana murmushi shi kaɗai. Shi ne namiji babba a gidansu, bai taɓa samun wanda ya ce masa ƙanena ba. Wallahi daɗi yake ji har cikin ransa. Daga Sharhabil ya san inda ake sayar da shinkafa da wake mai auki, ya san wane ɗakin karatu ne fankarsa ke aiki, ya san cewa katin shaidar sababbin ɗalibai ba zai fito ba sai an ga dama. Hoton da ke kan lambar Sharhabil tambarin wata ƙungiyar ƙwallo ne. Na Rilwanu kuwa shafi ne na rubutun hannunsa.

Wannan hannun shi ne abin alfaharin gidan Malam Audi a Hayin Banki. Rilwanu ya haddace Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, yana ɗan shekara goma sha bakwai ya zauna rubuta shi da ka, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Izu hamsin da shida ya rubuta, saura huɗu. Malamai tsofaffi sukan zo su ɗaga takardun su yi ta kaɗa kai suna cewa masha Allah. Lokacin da takardar shiga jami'a ta zo, Malam bai hana ba, sharaɗi ɗaya ya kafa, ya ce boko ba zai cinye izu huɗun nan ba. Shi ya sa kullum bayan asuba sai Rilwanu ya rubuta shafi guda kafin ya nemi mota, kuma shi ya sa yatsunsa uku na dama ba sa rabuwa da baƙin tawada.

Ran Talata saƙon da ya shigo ya fi na kullum tsawo.

“Ƙanena, gobe dole mu haɗu, abin kunya ne a ce har yau ban san fuskarka ba. Bayan azahar, gindin darbejiyar da ke gefen masallaci. Yauwa, kuma na manta ban gaya maka ba, masallacin nan akwai ɓarayin takalma, ka gane ko? Ni nan sau uku ana yi min. Na ƙarshen ma na Sallah ne, da silifas ɗin banɗaki na koma gida, ƙannena suna ta yi min dariya. Kada ka taɓa ajiye takalminka a haɗe. Ɗaya a ƙofar kudu, ɗaya a bayan tankin alwala. Ɓarawo ba ya ɗaukar ƙafa ɗaya. Amma wallahi ranar da na damƙi ɗayansu, sai uwarsa ta kasa gane shi, ka gane ko?”

Rilwanu ya yi dariya har mutumin da ke kusa da shi a bas ya harare shi. Shawarar ta zo a kan gaɓa, don yayarsa Bara'atu ba ta daɗe da kai shi Babbar Kasuwa ba, ta saya masa baƙin sau-ciki, ta ce ɗan jami'a ba ya yawo da silifas kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Shi ne takalmi rufaffe na farko a rayuwarsa. Yana goge shi da tsumma safe da yamma.

Ranar Laraba mahaifiyarsa Inna Hansai ta ƙulla masa alkaki guda shida a leda, ta ce a kai wa yaron kirkin nan da ke ɗawainiya da shi. Ya sa a aljihun gaba. Da aka kira azahar ya yi yadda aka koya masa, bai ƙara ba bai rage ba. Na dama a ƙofar kudu, na hagu a bayan tanki, ya ɗan tura shi ƙarƙashin ƙarfen da tankin ke kai don ya ɓuya. Ya shiga sahu zuciyarsa wasai.

Bayan sallama ya tsaya ya yi nafila, sannan ya fito. Na dama yana nan inda ya bar shi. Ya ɗauka ya maƙale a hammata, ya zagaya bayan tanki. Babu na hagu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙarfen, babu. Fuskar Bara'atu kawai yake gani. Ya ce a ransa ƙila masu alwala ne suka ture shi da ƙafa, sai ya nufi tarin takalman da ke ƙofar arewa ya shiga ɗagawa yana dubawa.

To jama'a, ku dube shi yadda mutanen wurin suka gan shi. Yaro siriri, baƙuwar fuska, ba takalmi a ƙafarsa, ɗaya a hammata, yana ɗaga takalman mutane ɗaya bayan ɗaya yana waige-waige. A masallacin nan kowa ya san ɓarawon takalmi ƙafa tsirara yake zuwa don ya koma da na wani. Rilwanu ne kaɗai bai sani ba. Ya hango wani baƙin sau-ciki irin nasa sak, don ai rabin samarin Kaduna rumfa ɗaya suke saye. Ya ɗauka ya juya shi yana neman lamba. Ya fi nasa girma. Bai kai ga ajiyewa ba aka daka masa tsawa daga baya.

“Kai! Takalmin uban wa ke hannunka?”

Ya juyo zai yi bayani, mari ya tare shi. Kunnensa ya ɗauki ƙara, hularsa ta yi gefe.

“Ɓarawo! Ga shi nan! An kama shi!”

Kalmar nan ta fi kiran salla saurin tara mutane. Waɗanda yanzu-yanzu suka ɗaga goshi daga ƙasa, wasu da carbi a hannu, wasu ruwan alwala bai bushe a gemunsu ba, suka yo kansa. Wani ya shaƙe masa wuyan riga ya ɗaga shi sama.

“Kai ɗalibi ne? Ina katinka?”

“Ba a... ba a ba mu ba tukuna, ni sabo...”

Naushi ya sauka a bakinsa, ya ji haƙori ya motsa, jini ya cika masa baki. Wani ya zura hannu a aljihunsa ya zaro wayarsa ya ɗaga wa jama'a.

“Ga ma wayar da ya sato!”

“Ku duba, takalman ma ba girma ɗaya ba ne! Na mutum biyu ya ɗauka!”

Aka kwashe ƙafafunsa. Ya faɗi a kan simintin da rana ta gasa, ƙafafu suka rufe shi. A haƙarƙari, a ciki, a ƙeya, a cinya. Wani ya kwaɗa masa buta a ka ta fashe, ruwa ya gangaro masa tare da jini. Yana son ya ce sunansa Rilwanu, ɗan Malam Audi na Hayin Banki, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai wani shuri ya kwashe masa numfashi. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya dunƙule, ya cusa hannunsa na dama ƙarƙashin cikinsa ya danne da dukkan jikinsa. Bai damu da fuska ba, bai damu da baya ba. Hannun nan kawai yake karewa.

Sai jama'a suka ɗan dare, wani ya kutso. Rilwanu bai ga fuskarsa ba, ƙafafu kawai ya gani, ya ji ƙarar zare bel. Bel ɗin ya sauka ta wajen ƙarfen, ya tsaga masa riga ya tsaga fata. Ya sake sauka. Ya sake.

“Kai ne ko? Sau uku! Sau uku kana mayar da ni gida kamar mahaukaci! Yau ka gane ko? Na ce ka gane ko?”

Duk zafin da ke jikinsa sai ya tsaya cak. Muryar ce. Mai kauri, a shaƙe kaɗan kamar ta mai mura, wadda take gaishe shi kullum a cikin bas. Wani irin farin ciki na wauta ya taso masa, ya ce shi ke nan, an zo ceto. Ya ɗago kumburarriyar fuskarsa.

“Yaya Sharhabil...”

“La ila! Har sunana ya sani! Ashe bibiyata kake yi, ɗan iska!”

Ƙarfen bel ya same shi a saman ido. Duniya ta yi ja.

Ana ƙarin gini a gefen masallacin, bulo na nan jibge. Wani ƙaton saurayi mai jar riga ya sungumo guda ya taho da shi a kafaɗa yana haki.

“A karya hannun! Hannun da yake ɗauka da shi za a karya, gobe ma ya ƙara!”

“A karya! A karya!”

Nan Rilwanu ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ya zaro hannun hagu ya shimfiɗa musu a kan siminti da kansa.

“Don Allah ga na hagu! Don girman Allah ku karya na hagu!”

Wayyo, yaro bai san abin da ya faɗa ba. Jama'a suka ɗauki ihu, wai ga shi ya amsa laifinsa da bakinsa. Mutum biyu suka birkice shi, wani ya take masa ƙirji da gwiwa. Sharhabil ya jefar da bel ya durƙusa, ya cusa hannu ya finciko na daman da ƙarfin tsiya, ya danne wuyan hannun a ƙasa da hannayensa biyu.

“Na dama za a karya. Da shi yake ɗauka, ka gane ko?”

A lokacin ne suka ga juna. Fuskokinsu ba su fi taƙi ɗaya tsakani ba. Rilwanu ya ga saurayi kyakkyawa mai ɗan gemu, goshinsa da tabon salla, idanunsa jajur. Ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa, ya yi magana a hankali, jini na bin haɓarsa.

“Ɗaya a ƙofar kudu... ɗaya a bayan tanki. Kai ka ce, Yaya. Ni ne Rilwanu.”

Sharhabil ya ƙame. Idonsa ya sauka kan hannun da yake dannewa, ya ga yatsu uku baƙi ƙirin da tawada. Ya tuna shafin rubutun da yake gani kullum a wayarsa. Bakinsa ya buɗe.

“Tsaya! Kai, tsaya!”

Mai jar riga ya riga ya saki. Bulon ya sauka a kan yatsun, kuma har a lokacin hannayen Sharhabil ne ke riƙe da wuyan hannun, don tsabar ruɗewa bai saki ba. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Rilwanu ya yi ƙara ɗaya, muryarsa ta ɗauke.

“Ɗalibi ne! Wallahi ɗalibi ne! Ƙanena ne! Ni na ce ya raba takalmin!”

Wa zai ji shi? Wutar da ya hura ta fi ƙarfinsa. Waɗanda ke baya ba su samu nasu rabon ba, suna ta turowa. Wani ya ɗago katako. Sharhabil ya faɗa kan Rilwanu ya rufe shi da jikinsa, katakon ya sauka a gadon bayansa, na biyu ya fasa masa ƙeya. Yana ihu yana rantsuwa, ana dukansa ana cewa ashe abokin satarsa ne, dama su biyu ne.

Wanda ya kashe wutar wani tsoho ne da ba ya ko iya ɗaga murya, Baba Sanda mai sharar masallaci. Ya ratso da kwandonsa yana ture mutane da tsintsiya. Al'adarsa ce duk takalmin da ya gani ƙafa ɗaya a yashe ya tsince ya adana, ko mai shi zai zo nema. Ya zaro baƙin sau-ciki na hagu daga kwandon, ya sunkuya ya ɗauki na daman da ya faɗi a cikin jini, ya haɗa su ya ɗaga sama. Girma ɗaya, ɗinki ɗaya, har gugar tsumman iri ɗaya.

“A bayan tanki na tsince shi ana cikin salla,” in ji shi. “Na yaron nan ne. Kun kashe ɗan mutane a kan takalminsa.”

Kafin masu gadin makaranta su iso, taron nan ya narke. Mai jar riga ko ƙurarsa ba a gani ba. Wani ya ajiye wayar Rilwanu a kan tanki a hankali ya sulale. Kowa ya tuna yana da darasi ƙarfe biyu.

Bayan la'asar Rilwanu ya farfaɗo a gadon asibiti, ido ɗaya a rufe, hannun dama a naɗe ya yi girman ƙwarya. Likita ta yi masa bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙasusuwan yatsu uku sun farfashe, za a yi aiki. Zai ci abinci da hannun, zai ɗauki kaya marasa nauyi. Da ya tambaye ta rubutu fa, sai ta gyara ruwan da ake ƙara masa ta ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Ya gane amsar.

Sharhabil na zaune a kan benci a gefen gadon, kansa a naɗe da bandeji, rigarsa a yage. Takalman nan biyu suna kan cinyarsa, ya goge jinin da hannun rigarsa. Wata ma'aikaciya ta ajiye abin da aka samu a aljihun majiyyaci a kan 'yar durowa, leda ce da alkaki a ciki ya zama gari.

“Naka ne,” in ji Rilwanu, muryarsa da kyar take fita. “Inna ta ce a kawo maka.”

Sharhabil ya kalli ledar ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

A haka Malam Audi ya shigo, rawaninsa a karkace saboda sauri. Ya tsaya a kan ɗansa ya daɗe yana kallon hannun, leɓɓansa suna motsi. A bakin ƙofa masu gadi sun riga sun gaya masa cewa akwai wani yaro da ya kwanta a kan ɗansa ya karɓi duka. Ya juya ya ɗora hannu a kan Sharhabil.

“Kai ne ko, ɗana? Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan iyayen da suka haife ka. Yadda ka rufe ɗana da jikinka, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira.”

Rilwanu ya rufe idonsa mai lafiya. Ba zai faɗa ba. Ya yanke a ransa ba zai faɗa ba, ba don ya yafe ba, sai don ba shi da ƙarfin da zai ga fuskar mahaifinsa ta canza sau biyu a yini ɗaya.

Sharhabil ya zame daga bencin ya durƙusa a ƙasa.

“Baba, ka janye addu'arka. Ni na ce ya raba takalmin. Ni na doke shi da bel. Ni na riƙe hannun aka saki bulo.”

Hannun Malam ya daɗe a inda yake, sannan ya janye shi a hankali ya mayar cikin babbar riga. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau ɗaya. Ya tambayi ma'aikaciya inda ake alwala, ya fita.

Suka rage su biyu. Sharhabil ya matso a kan gwiwoyinsa har bakin gadon, muryar nan mai kauri ta koma ƙarama.

“Ƙanena... Rilwanu. Ba zan ce ka yafe min yau ba. Amma wallahi karatunka ba zai tsaya ba. Zan shiga ajinku in zauna kusa da kai, duk abin da malami ya faɗa ni zan rubuta maka. Zan je wurin shugaban sashe, ko jarrabawa ce a ba ni izini in riƙe maka biro, kai ka faɗa ni in rubuta. Har ka gama. Komai zan rubuta maka.”

Rilwanu ya juyo da kansa a hankali ya dube shi. Yau ya san fuskar jagoransa, ya san ta sosai, ba kuma zai manta da ita ba. Hawaye ya gangaro ta gefen idon da ke buɗe ya shige kunnensa.

“Na ji, Yaya. Darasi za ka iya rubuta min,” ya ce. “Izu huɗun fa?”